Ba duk abincin kyauta ake karɓa ba

A shekarar 2022 duniya ta zubar da tan biliyan 1.05 na abinci daga gidaje da wuraren cin abinci da kantuna, kamar yadda rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna. Wannan kusan kashi 19 cikin 100 ne na abincin da ya iso ga masu ci, ban da kimanin kashi 13 cikin 100 da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta ce yana salwanta tun daga gona kafin ya kai kanti. A 2023 kuwa, mutanen da suka yi fama da yunwa sun kai kimanin miliyan 733. Duk wanda ya ɗora waɗannan alƙaluma gefe da gefe, abin da zai fara zuwa masa shi ne: ga rara, ga masu buƙata, a haɗa su mana. Haka ƙungiyoyin unguwa da dama suke farawa, da zafin nama da kyakkyawar niyya, kuma haka da yawansu suke mutuwa kafin su yi nisa. Abin da nake gani shi ne, ceto abinci aiki ne na agogo da ma'aunin zafi da littafin rajista, kuma ƙungiyar da ba ta iya cewa "wannan ba za mu karɓa ba" ba za ta daɗe ba za ta zama jujin masu kantuna.

Da farko a san inda ɓarnar take. Wancan rahoto ya ce kashi 60 cikin 100 daga gidaje take fitowa, 28 daga gidajen abinci da otal-otal da makamantansu, 12 daga kantuna. Abin da aka zubar a gida, ɗan ragowa ne nan, ɗan ragowa can, cikinsa har da ɓawo da ƙashi, ba mai iya bin gida-gida ya tattara shi lafiya. Maganinsa sai dai a rage saye, a rage dafawa. Abin da 'yan sa-kai za su iya cetowa yana hannun manoma da dillalan kayan gwari da gidajen burodi da kantuna da masu girki na taro. Kowannensu da irin kayansa da irin saurin da yake buƙata: hatsi da gwangwani suna jira watanni, ganye da 'ya'yan itace kwana biyu ko uku, dafaffen abinci kuwa sa'o'i ne kawai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da neman masu bayarwa. A fara da masu ci. Gidaje nawa ne? Mutum nawa a kowane gida? Suna da abin girki da makamashi? Suna da firij? Wanda yake kwana a titi ba abin da zai yi da ɗanyen wake, kamar yadda mai ciwon sukari ba zai amfana da kwalin kek ba. Bayan an san wannan sai a auna ƙarfin ƙungiya: kilo nawa za a iya ɗauka a tafiya ɗaya, kilo nawa firij zai ci, mutum nawa ne tabbas za su fito kowace ranar rabo. Mafi ƙanƙantar wannan lissafi shi ne iyakar abin da za a karɓa. Idan firij kilo 80 yake ɗauka, aka karɓo kilo 200 na madara da nama saboda kunyar mai bayarwa, to an sauya wa kilo 120 wurin ruɓewa ne kawai, kuma yanzu kuɗin kwashe shi ya dawo kan ƙungiya.

Wannan matsala ba ta ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ba ce. A watan Fabrairun 2016 Faransa ta yi dokar da ta hana manyan kantuna masu faɗin sama da murabba'in mita 400 lalata abincin da bai ɓaci ba, ta kuma tilasta musu ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji. Doka ce mai kyau, amma duk inda aka matsa wa kanti ya bayar, akwai jarabawar ya riƙe kaya sai ranar ƙarshe sannan ya miƙa, har da wanda ya kamata ya zubar. Shi ya rage shara, ya sami suna, ƙungiya ta sami aikin tsince-tsince. Saboda haka yarjejeniya da mai bayarwa a rubuce ake yin ta, ko da shafi ɗaya ne: ranar ɗauka da sa'a, irin kayan da ake karɓa da wanda ba a karɓa, kwana nawa ya kamata ya rage wa kaya kafin wa'adinsa, wa zai tace kafin a zo, da sunan mutum ɗaya a kowane ɓangare da za a kira idan an sami matsala. A duba kaya a gaban mai su, abin da bai cancanta ba a bar masa a nan take. Wani zai ce wanda aka ba kyauta ba ya zaɓe. Wannan magana ta yi daidai idan kai ne za ka ci. Idan yaro ko tsoho ko mai juna biyu za ka miƙa wa, zaɓe ya zama wajibi, don su ne guban abinci ya fi kayarwa, kuma su ne ba su da kuɗin asibiti.

Dafaffen abinci shi ne inda ya kamata a fi tsayawa, domin shi ya fi jan hankali kuma shi ya fi haɗari. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, wasunsu suna ninka kansu duk minti 20 idan yanayi ya yi musu daɗi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a zafin ɗaki. Lissafin sa'a biyun yana farawa ne daga lokacin da aka sauke tukunya ko aka kashe abin ɗumama, don haka tambayar farko ga mai bayarwa ita ce ƙarfe nawa aka sauke. Wanda bai sani ba, ba a karɓa. Hanyoyi biyu ne kawai: ko dai a riƙe abincin sama da digiri 60 a kula mai kyau a raba shi nan da nan, ko a huce shi da sauri a sa a firij. Ƙa'idar da hukumar abinci ta Amurka ke bi wajen hucewa ita ce daga digiri 57 zuwa 21 cikin sa'a biyu, sannan zuwa digiri 5 cikin ƙarin sa'a huɗu. Babbar tukunya cike da miya ba za ta taɓa cika wannan ƙa'ida ba, ko da an cusa ta a firij, saboda gefe zai yi sanyi tsakiya tana nan da ɗumi har wayewar gari, ga shi kuma ta ɗumama sauran kayan da ke firij ɗin. Abin da ake yi shi ne a juye a faffaɗan tire, kaurin abincin kada ya wuce santimita 5, a ɗora tiren a kan ruwan ƙanƙara ana juyawa, kada a rufe ruf sai ya huce.

Mutane sukan ce ai za a sake ɗumamawa. Ɗumamawa har tsakiya ta kai digiri 70 tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma ba ta warware komai ba. Akwai ƙwayar da ake kira Basilus siriyus wadda irinta yake jure dahuwa a cikin shinkafa da taliya. Idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi, ƙwayar takan farka ta saki guba mai sa amai, kuma wuta ba ta lalata wannan guba. Haka gubar ƙwayar Istafilokokas, wadda take shiga abinci daga hannu da hanci da ƙurjin mai girki. Ga shi kuma ba lallai abincin ya yi wari ko tsami ba, don haka shinshinawa ba gwaji ba ce. Daga nan ƙa'ida ta fito: abin da aka riga aka zuba wa mutane a faranti, ko aka jera a teburi kowa yana ɗiba da cokali ɗaya na tsawon sa'o'i, ba a karɓa. Wanda yake cikin kicin ba a fito da shi ba, shi ake ɗauka. Kuma sau ɗaya ake ɗumama abinci, abin da ya rage bayan nan ya tashi daga abincin mutum.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da ma'aunin zafi mai tsinke da ake sokawa cikin abinci. Shi ne kayan aiki mafi araha kuma mafi muhimmanci. A soka shi a wuri mafi kauri, a goge shi tsakanin abinci da abinci, a riƙa gwada shi lokaci-lokaci a kofin da aka cika da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa: in bai nuna sifili ba, ƙarya yake yi. Firij ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa, firiza a 18 ƙasa da sifili, a rubuta abin da suka nuna safe da yamma a takardar da aka manna a ƙofa. Ɗanyen nama da kifi a can ƙasa, dafaffe a sama, don kada ruwansu ya ɗiga. A hanya kuma, kula daban ta zafi, daban ta sanyi, a tsara tafiya yadda kayan sanyi za su zama na ƙarshen ɗauka kuma na farkon saukewa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara ƙungiya ta haƙura da madara da nama gaba ɗaya, ta tsaya a busassun kaya da kayan lambu da ake rabawa ranar da aka karɓo. Ba abin kunya ba ne.

Kwanan watan da ke jikin kaya yana jawo ɓarna ta fuska biyu. Akwai wanda yake nufin "a ci kafin ranar kaza", ana sa shi a kan nama da kifi da madara mai sanyi, kuma magana ce ta lafiya: ya wuce, ya wuce. Akwai kuma mai nufin "ya fi daɗi kafin ranar kaza", a kan biskit da taliya da gwangwani, wanda maganar inganci ce kawai. Wanda bai bambance su ba, ko dai ya zubar da taliya lafiyayya ko ya raba kaza mai haɗari. Italiya, a dokarta ta 2016, ta fito fili ta halatta bayar da kayan da suka wuce irin wa'adi na biyun muddin marufinsu bai lalace ba, amma ba kowace ƙasa ce ta yarda da haka ba, sai a duba dokar wurin. Madarar jarirai ba ta cikin wannan sassauci. Gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya lotsa a kan ɗinkinsa, ko tsatsa ta ci shi sosai, a zubar ba tare da ɗanɗanawa ba, saboda gubar botulizim ɗan kaɗan ɗinta yana kisa.

A ɗakin ajiya, kayan da wa'adinsu ya fi kusa su ne a gaba, ko da jiya suka shigo. Buhuna a kan katako, nesa da ƙasa da bango. Hatsi irin masara sai damshinsa ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa kafin a adana shi, in ba haka ba hunhuna za ta kama shi, wata hunhunar kuma tana haifar da gubar afilatoksin mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kawar da ita. Buhu mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, da sharaɗin hatsin ya bushe kuma ledar ba ta huje ba. Ayaba da tuffa da nunannen tumatir suna fitar da iskar itilin mai gaggauta nuna, don haka a raba su da ganye. Kwali ɗaya da aka bari ba a tace ba zai ɓata na kusa da shi cikin dare ɗaya, shi ya sa tacewa ranar karɓa ake yin ta.

Firij na jama'a, wanda ake ajiyewa a bakin titi kowa ya sa kowa ya ɗauka, ya yaɗu daga Jamus a wajen 2012 da garin Galdakao na Sifaniya a 2015. Ina son shi saboda ba ya tambayar kowa dalili. Amma fa kayan kowa na ba kowa ba ne, kuma ko a Berlin sai da hukumomin tsaftar abinci suka taso wa irin waɗannan firij a 2016. Wanda zai ɗore sai yana da mai shi da aka sani, da jadawalin wanda zai duba kullum, da ƙa'ida a rubuce a jikinsa: ba ɗanyen nama, ba abin da aka buɗe aka ci rabi, kowane ƙunshi da sunan abin da ke ciki da ranar da aka dafa. A rubuta ko akwai gyaɗa ko ƙwai ko madara ko alkama ko kifi a ciki, don akwai waɗanda ɗan kaɗan daga cikinsu zai toshe musu numfashi. Abin da ba shi da rubutu, mai dubawa ya fitar da shi, ko ya yi kyau a ido.

Littafin rajista kuwa amfaninsa ya wuce burge masu ba da tallafi. Rana, mai bayarwa, irin kaya, kilo, zafin da aka auna, inda aka kai. Ranar da mutum uku suka kwanta da gudawa, da shi za a gano daga ina abincin ya fito da kuma wa ya kamata a kira ya zubar da nasa. A ƙara shafi ɗaya da ƙungiyoyi ba sa son cikawa: kilo nawa muka zubar da kanmu. Idan mai bayarwa guda ne yake cika wannan shafi, a koma a zauna da shi, in bai gyara ba a rabu. Kuma kada a ruɗu da nauyi. Lemon kwalba da burodi suna cika sikeli, wake da ƙwai da mai da ganye su ne suke gina jiki. Ƙungiyar da take alfahari da tan-tan na kayan zaƙi tana iya ƙosar da mutane yau ta bar su da cuta gobe. Idan akwai ɗan kuɗi, a sayi abin da kyauta ba ta kawowa.

Batun mutunci ba ado ba ne, yana shafar ko abincin zai isa inda ake so. Dogon layi a bainar jama'a da ɗaukar hoton masu karɓa suna korar waɗanda suka fi buƙata, musamman wanda jiya yake ciyar da wasu. A ba kowa lokacinsa, a jera kaya mutum ya zaɓa da kansa cikin iyakar da aka sa. Ƙunshin da aka ɗaure iri ɗaya ga kowa yana ƙarewa a shara idan gidan ba sa cin abin da ke ciki. Su ma masu karɓa a sa su cikin aikin da cikin shawara, sun fi kowa sanin abin da ake ci da wanda ake bari. A ɓangaren 'yan sa-kai, kowace tafiya ta kasance da mutum biyu da suka san ta, saboda kantin da aka saɓa wa alƙawari sau biyu zai koma zubarwa. A kuma nemi kuɗin mai da wuta da mazubai tun farko. Abincin ne kyauta, ɗaukarsa ba kyauta ba ne.

Duk da haka, kada a ɗora wa wannan aiki abin da ba zai iya ba. John van Hengel ya buɗe bankin abinci na farko, wato wurin tara rarar abinci don raba wa mabuƙata, a birnin Phoenix na Amurka a 1967, yau ƙasar cike take da irinsu, yunwa kuma ba ta ƙare a can ba. Masanin tattalin arziƙi Amartya Sen ya nuna cewa a yunwar Bengal ta 1943 abincin da ake da shi bai yi ƙarancin da zai bayyana yawan mace-macen ba, farashi ne ya tsere wa abin da talaka yake samu. Yunwa ta rashin abin saye ce kafin ta zama ta rashin abinci, kuma rara ba abin dogaro ba ce: ranar da kanti ya gyara lissafinsa, rarar za ta ragu, wanda kuma abin so ne. Birnin Belo Horizonte na Brazil tun 1993 ya ɗauki abinci a matsayin haƙƙin ɗan gari, ya buɗe gidajen abinci masu rangwame, ya haɗa ƙananan manoma da masu saye kai tsaye. Wannan aikin hukuma ne. Ƙungiyar unguwa mai rajista mai kyau tana da hujjar da za ta tunkari hukuma da ita, tun da ta san gidaje nawa ne ke dawowa kowane mako da kuma dalili. Abin da ya kamata ta nema ya haɗa da doka irin wadda Amurka ta yi a 1996 da sunan ɗan majalisa Bill Emerson, wadda take kare mai bayarwa da zuciya ɗaya daga ƙara sai idan ya yi mugun sakaci ko ganganci, domin tsoron shari'a ne yake sa otal da yawa su gwammace zubarwa. Game da ɓarnar gidaje kuma, akwai misalin Koriya ta Kudu, wadda ta hana binne sharar abinci a 2005, daga 2013 kuma ta sa kowane gida yana biyan kuɗi gwargwadon abin da ya zubar.

Komai tsari, wani abu zai rage wanda mutum ba zai ci ba. Ganye da ɓawo da busasshen burodi marasa hunhuna za su iya zuwa ga masu dabbobi, amma ragowar da ta haɗu da nama tana yaɗa cututtukan dabbobi. Bayan annobar ciwon baki da kofato ta 2001 Birtaniya ta haramta ciyar da dabbobi irin wannan ragowa, Tarayyar Turai ma ta bi sahu. Sauran sai taki: kashi biyu zuwa uku na busasshen abu kamar ganyen da ya bushe ko kara ko yagaggen kwali, kashi ɗaya na ɗanyen sharar kicin, ban da nama da mai don kada a gayyato ɓeraye. A riƙa juyawa mako-mako. In ya yi wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshe. In tsakiyarsa ba ta ɗau zafi ba, ya bushe ne ko tarin ya yi ƙanƙanta, a yayyafa ruwa a ƙara tsayinsa ya kai kamar mita ɗaya.